Kulocin Tsere a Motar Cefane

Ƙannena masu riƙe da sitiyari, da ku da kuke kwance ƙarƙashin mota a gareji kuna koyon aiki, akwai wata magana da ta fara yawo a tsakaninku wadda ya kamata a tsaya a auna ta kafin ta ci kuɗin mutane. Wai idan kulocin mota ya ƙare, gara a sa mata irin na motocin tsere, mai jan murfi da faifai mai kunnuwa huɗu ko shida, wanda aka rubuta wa mataki na biyu ko na uku a jikin kwali, domin ya fi ƙarfi, abin da ya fi ƙarfi kuwa shi zai fi daɗewa. Bidiyoyin masu gyaran mota na Amurka da Japan da Jamus da kuke kallo a waya su suka kawo wannan sha'awa, kuma ba laifi ba ne matashi ya so motarsa ta yi lafiya. Sai dai ƙarfin riƙo daban, tsawon rai daban. An ƙera kulocin tsere ne don ya riƙe injin da aka ƙara wa ƙarfi fiye da yadda ya fito daga kamfani, kuma don a samu wannan riƙo an sadaukar da laushi, da sauƙin tuƙi, da lafiyar sassan da ke maƙwabtaka da shi. A motar da ake kai yara makaranta, ko wadda ake lodin fasinja daga Kano zuwa Katsina, za ka ɗauki wannan asara duka ba tare da ka mori abin da aka yi ta dominsa ba.

Mu fara da abin da ke cikin kwanon nan da ke tsakanin inji da giyabos. Akwai filawil, ƙaton faifan ƙarfen da ke ɗaure a gindin karanshaf yana juyawa tare da inji. Akwai faifan kuloci, yana zaune a kan haƙoran sandar giya, an lulluɓe fuskokinsa biyu da fata mai jure gogayya. Akwai murfin matsi, mai zagayayyen sifirin da aka tsattsaga tsakiyarsa ya yi yatsu, shi ke danne faifai a jikin filawil. Sai boris ɗin da ke tura yatsun nan idan ka taka feda, matsi ya saki, inji ya rabu da giya. Duk sanda mota za ta tashi daga tsaye, inji na juyawa, tayoyi ba sa juyawa, dole wani abu ya yi sulɓi na daƙiƙa ɗaya ko biyu har gudun biyun ya zo ɗaya. Faifan kuloci aka ɗora wa wannan aiki. Da gangan aka yi shi ya fi sauran taushi, ya riƙa cinyewa a hankali domin filawil da giya da karanshaf su tsira, saboda shi ne mafi araha a cikinsu. Idan ka mayar da faifai ya fi maƙwabtansa tauri, cin bai tafi ko'ina ba, ya dai koma kan abin da ya fi tsada.

Abin da kuloci zai iya riƙewa lissafi ne sananne. Ya dogara ga ƙarfin da murfi ke danne faifai da shi, da kaushin fatar, da faɗin faifan, da yawan fuskokin da ke gogayya. Kamfanonin da ke yi wa masu ƙera motoci kuloci, irin su LuK da Sachs na Jamus, Valeo na Faransa, Exedy da Aisin na Japan, ba sa auna shi cif-cif da ƙarfin inji. Sukan bar rara a sama, yadda ko faifai ya fara tsufa ba zai yi sulɓi ba. Injin Golf 3 mai lita 1.8 da ya cika tashoshinmu, ƙarfin murɗawarsa bai wuce 145 Nm ba. Na Corolla mai lita 1.8 ta farkon shekarun 2000 yana wajen 170. Kulocin da suka zo da shi yana riƙe wannan har da saura. Idan ka sa wanda zai riƙe 350 ko 400, inji ba zai ba shi ko ɗigo fiye da abin da yake bayarwa a da ba, domin kuloci ba ya haifar da ƙarfi, miƙa shi kawai yake yi. Mai cewa motarsa ta ƙara gudu bayan ya sa na tsere, ɗayan biyu ne: ko dai wanda aka cire ya riga ya ƙare yana sulɓi, abin da sabon na kamfani ma zai warkar, ko kuwa fizgar da motar ke yi wajen tashi ce yake ɗauka ƙarfi.

Hanyoyi biyu aka fi bi don ƙara riƙo a cikin faɗin da mota ta zo da shi, kowace kuwa da nata haraji. Ta farko ita ce ƙara wa sifirin ɗin murfi tauri. Duk nauyin da aka ƙara a nan sai ya bi ta ƙafarka ta hagu, kuma ba ƙafar kaɗai ke jin jiki ba. Wayar kuloci tana miƙewa ta tsinke da wuri, ƙarfen nan mai baki biyu da ke tura boris yana lanƙwashewa ko ya tsage, robobin masta ta sama da ta ƙasa, masu tura man kuloci, suna fara yoyo. Wanda ya fi waɗannan muni ba a ganinsa da ido. Duk sanda ka taka feda, turin da boris ke yi a kan karanshaf yake ƙarewa, yana ingiza shi gaba, abin da ke tare shi kuwa 'yar siririyar washa ce a cikin inji, wadda aka auna ta da nauyin murfin kamfani. Murfi mai tauri yana cin washar nan, musamman wajen tayar da inji da safe da ƙafa a kan feda, lokacin da baƙin mai bai gama zagayawa ba. Ranar da ta ƙare, karanshaf ya fara wasa gaba da baya, magana ta tashi daga kuloci ta koma sauke inji.

Hanya ta biyu ita ce sauya fatar. Ta kamfani ana haɗa ta da zaruruwa da ƙaro da siraran wayoyin tagulla, kuma tsakanin fuskokinta biyu akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke lotsawa kaɗan-kaɗan yayin da kake sakin feda. Wannan lotsawa ita ke ba ƙafarka damar tayar da mota cikin natsuwa. A tsakiyar faifan kuma akwai gajerun sifirin a kwance, suna shanye bugun da inji ke yi duk sanda fistin ya harba. Faifan tsere mai kunnuwa an yi shi da garin tagulla ko na ƙarfe da seramik da aka gasa suka dunƙule, an kafa shi kai tsaye ba tare da wancan ƙarfe mai lotsawa ba, wani ma ko sifirin ɗin tsakiya babu. Saboda haka ba shi da tsaka-tsaki, ko ya saki ko ya cafke. A cunkoson Mararaba zuwa Nyanya, ko a bakin Kantin Kwari da yamma, inda mota ke matsawa taku biyu ta tsaya, direba ba shi da zaɓi sai ya riƙa goga shi, shi kuwa ba don guga aka yi shi ba. Mota ta riƙa kakkarwa, inji ya riƙa mutuwa, kunnuwan nan masu kaushi su riƙa kankare filawil da fuskar murfi. In aka sauke bayan ɗan lokaci, za ka ga filawil ya yi zane-zane masu zurfin da farce ke maƙalewa a ciki, da tabo shuɗi-shuɗi inda ƙarfe ya ƙone ya taurare, da siraran tsaga a kewaye da su. Bugun da sifirin ɗin tsakiya ya kamata ya shanye kuwa ya wuce kai tsaye zuwa haƙoran sandar giya, shi ya sa giyabos ke fara ƙara ko mota na tsaye a firi. Akwai mai fatar Kevlar, wanda ya fi seramik laushi kuma zai iya daɗewa ƙwarai, amma sharaɗinsa filawil mai santsi daidai da dogon haƙuri kafin ya zauna, in kuwa ya ƙone sau ɗaya fuskarsa ta yi ƙyalli, da wuya ya dawo.

Su kansu masu tsere ba tsawon rai suke nema a wurin kuloci ba. A gasar miƙaƙƙen layi ta Amurka, manyan motocin ajin Top Fuel ƙafa 1,000 kacal suke gudu, kimanin mita 305, cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, kuma bayan kowane gudu ɗaya sai an kwance kulocin an sauya fayafayansa. Mai gasa da yawan tsere yake auna rayuwar kuloci, kai kuwa da shekaru kake so ka auna naka. Na kamfani a ƙafar direba mai kula yakan haura kilomita 100,000, wasu su ninka haka in yawancin tafiyarsu ta babbar hanya ce. Masu sayar da na tsere ba su ɓoye wannan bambanci ba. A takardunsu sukan faɗa cewa masu kunnuwa za su yi kakkarwa da ƙara, kuma an fi yin su don filin gasa. Matakan nan na ɗaya da na biyu da na uku ma ba wata hukuma ce ta tsara su ba, kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. Dokin sukuwa ya fi jaki tsada da kyau da gudu, amma wanda zai yi jigilar ruwa safe da yamma shekara goma ya san wanda zai saya.

Abin da ke kashe kuloci a motar yau da kullum zafi ne, zafi kuwa daga sulɓi yake zuwa. Muddin faifai a cafke yake, ko daga Kano za ka je Maiduguri ba ya cinyewa. Duk cin da yake yi, a 'yan daƙiƙun da ƙafarka ke tsakiyar hanya yake yinsa. Ku duba lissafin da kyau, domin a nan kuɗinku yake. Wanda ya saki kuloci inji na juyi 2,000 a minti ya zuba wa faifai zafi kusan ninki huɗu na wanda ya saki a 1,000, wanda ya kai 3,000 kuwa ninki tara. Haka mai kasalar sa giya ta ɗaya, da ke tashi da ta biyu. A yawancin ƙananan motoci giya ta ɗaya tana rage gudun inji kusan sau uku da rabi, ta biyu kusan sau biyu, wannan bambanci kuwa yana nufin zafi wajen ninki uku a kowane tashi. Ga mai ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, ga mai riƙe mota a kan tudu da kuloci maimakon birkin hannu, ga mai tsayawa a danja da giya a ciki, ƙafa a ƙasa, yana gasa boris har a ba da hannu. Ƙaurin nan da ke cika mota bayan ka yi ta fama ka fita daga yashi, fatar ce ke toyewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Babu ko ɗaya cikin halayen nan da kulocin tsere ke gyarawa.

Masu motocin haya suna da hujjar da ta fi ta sauran nauyi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Za su ce Golf ɗinmu da Sharon ɗinmu ba sa tafiya fanko, mutane ne a ciki maƙil, an ɗaure buhuna a baya har murfi ba ya rufuwa, ga Hawan Kibo a gaba, na kamfani ba ya kai mu ko'ina. Gaskiya ne lodi yana rage masa kwana, domin zafin tashi yana ƙaruwa daidai da nauyin da ake ja. Gaskiya ne kuma seramik ya fi fatar kamfani jure zafi. Amma a lura da inda kuloci yake zaune, tsakanin inji da giya. Abin da ke bi ta cikinsa ƙarfin inji ne. Ko nawa ka ɗora wa Golf, injinta ba zai wuce 145 ɗin nan ba, saboda haka riƙo bai gaza ba, lokacin sulɓi ne ya ƙaru. Mota mai nauyi ita ta fi kowace buƙatar kulocin da za a iya saki a hankali, abin da mai kunnuwa ba ya yi ke nan. Zafin da seramik ya jure kuma bai ɓace ba, ya shige filawil da murfi, ya gasa sifirin har ya saki. Abin da ya dace da irin wannan aiki shi ne faifai mai cikakkiyar zagayayyar fata, mai sifirin a tsakiya, na kamfani nagari ko irin wanda ake yi wa motocin jan kaya, sannan a rage lodin, wanda dama birki da taya da rayukan fasinja sun daɗe suna nema.

Sai maganar saiti, inda kuloci da yawa ke mutuwa da sauran kwanansu. A motocin da kulocinsu ke aiki da waya, yayin da fata ke cinyewa, yatsun sifirin suna tasowa baya wajen boris. Wannan shi ke cinye ɗan wasan da feda ke da shi a sama, wato tazarar da za ka danna da yatsan hannu ba ka ji nauyi ba. In wasan ya ƙare ba a mayar da shi ba, boris ya zauna yana danne yatsun a koyaushe, matsi ya ragu, faifai ya fara sulɓi, ya ƙone alhali da sauran nama a jikinsa. In kuma aka saki waya fiye da kima, kuloci ba zai gama saki ba ko an taka har ƙasa, giya ta riƙa gurnani wajen shiga, zobban tagullar da ke daidaita gudun giya su cinye. Kowace mota, mai waya ko mai amfani da mai, da ma'auninta a littafinta. A Corolla da yawa wasan feda milimita 5 zuwa 15 ne, kuma da rula ake auna shi. Golf 3 da yawa sun zo da waya mai saita kanta, in na'urarta ta maƙale wayar ake sauyawa. Gwaji biyu sun isa direba ya san halin da yake ciki. A kan miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, sa giya ta huɗu ko ta biyar da ƙaramin gudu ka cika totur. In kukan inji ya tashi gudun mota bai bi shi ba, akwai sulɓi. A tsaye kuma, taka feda har ƙasa, jira daƙiƙa uku, ka sa ribas; in ta yi gurnani, kuloci ba ya gama saki.

Motocin da kulocinsu ke aiki da man birki suna cike giɓin cin fata da kansu, man da ya yi rara yana komawa gwangwani ta wata 'yar ƙaramar kafa a cikin masta ta sama duk sanda feda ta dawo. A nan ne ake tafka kuskure mai tsada da kyakkyawar niyya. Mai mota ya ce kuloci na kamawa a ƙasa sosai, yaro ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya warware sandar da ke tura masta ya ƙara mata tsawo, feda ta yi daɗi, kowa ya yi murna. Amma in sandar ta yi tsawon da fistin ɗin masta ba ya komawa mazauninsa, kafar nan ta toshe. Da safe lafiya lau. Bayan tafiyar rabin awa mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa tura boris, kuloci ya fara sulɓi a kan hanya, in mota ta huce ya daina. Sabon kuloci na iya ƙonewa cikin 'yan makonni a haka, a ɗora wa kaya laifi. Dole a bar wa sandar ɗan wasa. Kamawa a ƙasa yawanci alamar iska ce a cikin layi ko robar masta da ta gaji, maganinsa fitar da iska da sauya roba. Man nan na DOT 3 ko DOT 4 yana tsotsar danshi, shi ya sa ake son sauya shi wajen kowace shekara biyu, abin da ba kasafai ake tunawa da shi a ɓangaren kuloci ba. Tun shekarun 1990 kuma kamfanin LuK ya fito da murfi mai saita kansa, mai zobe a ciki da ke juyawa kaɗan-kaɗan yana bin cin fata don kada feda ta yi nauyi. In aka sa sabon faifai ƙarƙashin tsohon murfin da zobensa ya riga ya juya, ba a mayar da shi baya ba, an ɓata aikin tun kafin mota ta bar gareji. Fatar da ta cinye dai babu saitin da zai mayar da ita, kuma bakaniken da ya ce zai ɗaure maka ƙararren kuloci ya koma sabo, jinkirta maka tsayawa a daji kawai yake yi.

Duk wannan ya fi tsanani a kulocin tsere, domin tazarar da ke tsakanin saki da cafka a wurinsa 'yar kaɗan ce. Kuskuren da na kamfani zai yafe, shi ba zai yafe ba. Wasu ba sa buƙatar dogon turi kafin su saki, in feda ta wuce iyaka sai yatsun sifirin su lanƙwasa fiye da kima ko su taɓa faifai, shi ya sa masu ƙera su kan ce a kafa wa feda madogari a ƙasa. Yawancinsu ba su da zoben nan mai saita kai. Sannan akwai lokacin zaunawa: akasarin kamfanonin suna neman a yi tafiyar cikin gari ta wajen kilomita 800 a hankali, ba fizga, ba cika totur, kafin fata ta kwanta daidai a kan filawil. Matashin da ya kashe kuɗi don ya ji fizga da wuya ya yi wannan haƙuri. Ranar da aka ɗaura ranar zai gwada, fatar ta ƙone a wuraren da suka fara taɓawa, kakkarwa ta zauna masa har a sake sauke giyabos. Motocin Turai da yawa kuma, musamman masu dizal, suna da filawil mai hawa biyu da sifirin a tsakani, wanda LuK ya fara yi a 1985 don kare giya daga bugun inji. Irin wannan ba a goge shi, sauya shi ake yi, ga shi da tsada. Faifai mai cafka yana gajarta masa kwana, cire shi a sa dunƙulalle marar nauyi kuma yana mayar da bugun kan giyabos, yana sa tashi ya ƙara wuya.

Wasu sun koma na tsere ne don sun gaji da sayen wanda aka ce na kamfani ne, ya ƙi wata shida. Kukansu na kan hanya, sai dai an gudu ba a tsira ba, domin wanda ya iya buga sunan babban kamfani a kwali ya iya fesa wa murfi jan fenti ya rubuta mataki na uku. A manyan kasuwannin kayan mota, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, abin nema shi ne ɗan kasuwa mai amana da lambar kayan da ta dace da injinka. Sau da yawa ma laifin ba na kaya ba ne. An sauya faifai an bar tsohon murfin da sifirinsa ya gaji. An bar filawil da zanensa. Robar bayan karanshaf na yoyon baƙin mai, ba a sauya ba, ta jiƙa sabuwar fata. An cika haƙoran sandar giya da giris ya fantsama. An bar giyabos ya rataya a jikin faifai wajen ɗaurawa, ya lanƙwasa shi. An ɗaure kusoshin murfi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe maimakon a bi su kaɗan-kaɗan a gicciye. Kowanne cikin waɗannan zai kashe na kamfani, zai kashe na tsere, sai dai asarar ta biyu ta fi yawa. Tunda wahalar sauke giyabos ɗaya ce, a sauya faifai da murfi da boris tare, in masta ta ƙasa a cikin kwanon take ita ma a haɗa.

Ban ce kulocin tsere ba shi da gurbi ba. Wanda ya ɗora wa injinsa tabo, ko ya sauya lissafin kwamfutar inji mai tabo har ƙarfin murɗawa ya haura rarar da kamfani ya bari, zai ga lafiyayyen kuloci mai saiti daidai yana sulɓi a giya ta huɗu da ta biyar. Wannan yana da buƙata ta gaske. Ko shi ma, hankali shi ne ya san adadin ƙarfin da injin ke bayarwa yanzu, ya zaɓi mafi ƙanƙantar matakin da zai riƙe shi da ɗan rara, mai cikakkiyar fata da sifirin a tsakiya, ya kuma shiga da sanin cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Masu wasan mota a kan titi da wuraren biki kuwa, ina roƙonku don Allah ku bari. Bayan rayukan da ke gefen hanya, filawil ɗin da zafi ya tsattsaga yana iya tarwatsewa in inji ya kai ƙarshen juyinsa, shi ya sa dokokin gasa da yawa ke tilasta sa kwano mai kauri a kewaye da shi. Motar gida ba ta da wannan kariya, kuma kusa da ƙafafun direba abin yake.

Ku da ke koyon aiki, amana a hannunku take. In mai mota ya zo da jan murfi a kwali, ku tambaye shi ko an taɓa injin. In ya ce a'a, ku faɗa masa gaskiya ko da zai kai aikin wani gareji. Ku koyi karanta tsohon faifai ku nuna masa: fatar da ta cinye daidai har kan ƙusa tsufa ne, wadda ta yi baƙi tana ƙyalli ƙafa ce ko saiti, wadda ta jiƙe da mai roba ce, yatsun murfin da suka lashe kuwa boris ne ya daɗe yana danne su. Kada ku hure ƙurar cikin kwano da baki ko da iskar famfo, domin tsofaffin fatu da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu ya kawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ku jiƙa tsumma ku share. Kafin mota ta fita, ku sa rula ku auna wasan feda, ku rubuta wa mai ita adadin tare da kilomitar da ke kan mita, ku ce ya dawo bayan wata ɗaya a sake aunawa.